Ƙafar Mutum a Bayan Kicin

Palestrina, Satumba 1979

Zuwa ga 'yata Nives,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Pisa, yaya jami'a? Kina cin abinci kuwa, ko har yanzu burodi da littafi ne? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyin kakarki Assunta. Matakalar bene ta gagare ta. Da safe in sauko da ita a goye, da yamma in mayar da ita, tana dukan ƙeyata wai ina girgiza ta. Likita ya ce kada sanyin bana ya same ta a sama. Shi ya sa na fara haƙa harsashin ɗaki a bayan kicin, wajen shanya.

Yanzu ga tambaya, tunda ke ce mai karatun gine-ginen Romawan da, ni kuwa a aji biyar na tsaya, shi ma turo ni aka yi. Wani abokina, ba ki san shi ba, yana haƙa a gidansa sai diga ta yi ƙara. Ya share ƙasa da burushin ƙarfe, ya ga ƙananan duwatsu kamar haƙoran jariri, baƙi da fari da ja, an jera su sun ba da wutsiyar kifi. Yana so ya sani, da me suka yanka dutse ƙanana haka? Da me suka manna su har yau ba su ɓalle ba, alhali tayil ɗin da na sa wa Ermanno mahauci bara ya fara rawa? Kuma wane irin mutum ne zai sha wannan wahala a kan abin da za a taka da ƙafa? Ga zanen wurin a bayan takardar nan.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi.

Babanki,
Settimio

Palestrina, Oktoba 1979

'Yata Nives,

Ina gaisuwa, ina fatan murar ta sake ki. Wasiƙarki ta iso. Kin ce in gaida abokina, in gaya masa ya daina goge hoton da burushin ƙarfe, kuma abin mamaki bishiyar ɓauren da ya zana irin tamu ce sak. To, na ji. Na koma soso da ruwa.

Kin ce in kai rahoto. Nives, kamar ba a garin nan aka haife ki ba? Wanda ya tono abin Romawa bakinsa yake rufewa, ya kira motar siminti. Rabin unguwarmu a kan gidajensu muke dafa taliya. In ka kai rahoto, ma'aikatan kayan tarihi su zo su kewaye wurin da igiya, ba ka ƙara aza bulo ɗaya sai gashinka ya gama zubewa. Ermanno ya leƙo ta katanga ya gan ni durƙushe da soso, ya ce, "Settimio, kai magini ne ko mai wankan gawa? Zuba siminti ka zo mu yi karta."

Na kuwa sa ranar motar. Matsalar ita ce kullum in na je in ɗauki shebur sai in ce bari in share taƙi ɗaya kawai. Bayan kifin sai ga ruwa. A kan ruwan sai ga ƙafar mutum, har da farce, Nives, farce na dutse! Ga gwiwa, ga hannu riƙe da igiya. Me ya ɗaure da igiyar? Sauran jikinsa ya shige ƙarƙashin bangon kicin, kansa yana daidai inda mamanki ke ajiye tulun man zaitun.

A gefe ɗaya ƙasa ta rufta, na zura hannu na ji rami da 'yan ginshiƙai na bulo, duk baƙin hayaƙi. Wa ke hura wuta a ƙarƙashin daɓe? Ki tambayi malaminki, amma ki ce masa abokin babanki ne.

Mamanki ta ce, "In ka gama soyayya da ƙafar nan, ka tuna uwarka tana sama." Gaskiya ta faɗa, kuma bayana ma ya fara faɗar haka.

Naki,
Baba

Palestrina, Nuwamba 1979

'Yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sa jarrabawa ta zo da sauƙi. Na karanta bayaninki na yadda iska mai zafi ke bi ta ƙarƙashin daɓe ta ɗumama ɗaki. Na karanta wa kakarki, don na zaci zai burge ta. Ta ce, "Su Allah ya ji ƙansu, sun sha ɗuminsu sun mutu. Ni da raina nake."

Motar siminti ta zo ranar Asabar. Direba ya juyo da bakin motar ya ce in nuna masa wuri. Na tsaya a bakin ramin, na dubi farcen nan. Wani ya durƙusa a nan kamar yadda nake durƙusawa, ya zaɓi dutse ɗaya fari don farce, bai san ni ba. Na ce wa direba ya koma. Ya tambayi mamanki ko na sha giya ne tun da safe. Ranar Litinin na sa kwat ɗin aurena na tafi ofishin kayan tarihi na kai rahoto.

Kakarki ta daina yi mini magana. A goye ma shiru, ko dukan ƙeya babu, kuma wallahi na fi son dukan. Na rasa inda zan sa kaina, ga sanyi ya shigo.

Mamanki ce ta fitar da ni. Kin san falonta na ƙasa, wanda kujerunsa ke cikin leda tun aurenmu, wanda ko fadan cocinmu bai zauna a ciki ba sai sau ɗaya? Ta buɗe shi. Da hannunta ta yage ledar, tana yagewa tana zagina da sunayen da ban san ta sani ba. Muka sa gadon kakarki kusa da murhu. Har yau mamanki a tsaye take ba ni abinci, ta dangwarar ta wuce.

Ma'aikatan sun zo, sun yi ta hoto, sun rufe wurin da tamfol da yashi, sun ce kada in taɓa. Yaushe za su tono sauran? Sai an samu hali. Wato ni da na hana siminti, ga shi ban ga fuskar ba.

Jiya ina zuba itace a murhu, kakarki tana kallon bango kamar ba ta san da ni ba. Can sai ta ce, "Kai, sakarai. Mutumin naka, yana da gemu ko babu?" Na ce ban sani ba, Inna, kansa yana ƙarƙashin kicin. Ta yi tsaki ta ce, "To ka rubuta wa yarinyar nan ta yi sauri ta gama ta zo ta tono shi. Ba zan zauna ina jira har abada ba."

Na rubuta. Kowa na gaishe ki.

Babanki mai ƙaunarki,
Settimio