Rijiyar Da Muka Ɓoye A Ƙarƙashin Albasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da aka ɗora wa duba filin sababbin gidaje na gefen hanyar Jega zuwa Maiyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka, har da direban farar motarku da ya take mini kunya biyu ta yakuwa bai ko waiwayo ba. Shi na yafe masa tun ranar.

Sunana Garba, manomin albasa ne ni a Tungar Gawo, ɗan ƙauyen nan da ke gangare da filin da za ku yanka. Mahaifina marigayi Malam Isa maginin rijiya ne, shi ya gina wadda duk ƙauyenmu ke sha. Na rubuto a fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinku a Jega, sau uku ana ba ni benci da haƙuri. Ƙara na kawo, ranka ya daɗe, amma gara in faɗa tun da wuri, rabin ƙarar a kaina take. Roƙona ɗaya ne: kada a gina ramin masai na sababbin gidaje a saman rijiyarmu. Na san za ka buɗe takardunka ka ce ai babu wata rijiya a wurin. Gaskiyarka. Ni na ɓoye ta, kuma ga yadda aka yi.

1. Sanarwar zuwanku

Cikin tsakiyar rani aka aiko wa Maigari cewa masu duba ƙasa da ruwa da masai za su zo. Ban san wanda ya tsara wannan saƙo ba, amma bai san mu ba. Mu nan in aka haɗa ruwa da masai da gwamnati a magana guda, abu ɗaya ke faɗo mana a rai, wato duba-gari. Ina yaro na ga duba-gari ya leƙa randar mahaifiyata ya sa an tuntsurar da ita a tsakar gida, har ta rasu ba ta daina ba da labarin ba. Ga shi kuma wani ya dawo daga kasuwar Maiyama da zancen cewa yanzu duk rijiyar da ba ta da bakin siminti da murfi cike ta ake yi da ƙasa. Wa ya gaya masa? Babu wanda ya tambaya. Rijiyarmu kuwa bakinta itacen kirya ne guda huɗu da igiya ta cinye, tun hannun Baba.

Bayan la'asar Maigari ya tara mu a gindin gawo ya ce, "Mutanen gwamnati na tahe. In sunka ga rijiyar ga haka, mun rasa ta." Ni da Allah Ya yi wa ƙaiƙayin baki na ce ina da dabara. Muka kwashe yini guda mata na jan ruwa, aka cika kowace randa da tulu da jarka a garin. Sannan muka gitta itatuwa a bakin rijiyar, muka shimfiɗa zana, na kafa rudu a kai, wato irin rumfar da muke ajiyar albasa, na zuba albasata na lulluɓe da ciyawa. Ba yabon kai ba, ko a Aliero ba a taɓa kafa rudu mai kyansa ba.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, yayata Kulu. Ta tsaya da tulunta ta dube ni ta ce, "Garba, rijiyar Baba za ka ɓoye awa abin kunya? Mi ta yi maka?" Na ce mata harkar gwamnati ba ta mata ba ce. Wannan maganar har yau ina biyan ta, domin ko gaisuwa muka yi sai ta tambaye ni ya harkar gwamnati.

2. Gwajin ƙasa

Mutanenka sun zo su biyar, babbansu wani injiniya mai farar hular kwano, mutum mai fara'a, ba zan ci amanarsa ba. Suka haƙa ramuka a tudun da ke gabas da mu, suka zuba ruwa a ciki, injiniya ya tsaya da agogo yana duba saurin da ƙasa za ta shanye. Kafin ka ce me, ruwa ya ɓace. Ya sake zubawa, ya sake ɓacewa. Injiniya ya yi ta murna, ya ce bai daɗe da ganin ƙasa mai shan ruwa kamar wannan ba, nan ya dace da sokawe, wato babban ramin da ƙazantar gidajen za ta riƙa tsiyayewa.

Ranka ya daɗe, ina tsaye a bayansa, kuma na san inda ruwan nan ya tafi. Tudun yashi ne a sama, laka a ƙasa, kuma lakar ta karkato zuwa wajenmu. Baba ya sha nuna mini gefen da idon rijiyar yake, daga gabas yake ɓuɓɓugowa, daga ƙarƙashin tudun nan. Da rani ruwa na gaba shida, da damina kuwa gaba biyu, har mace na iya ɗiba da ɗan gajeren igiya. Duk abin da tudun ya sha, mu yake kawo wa. Na buɗe baki zan yi magana, Maigari ya take mini ƙafa, na mayar da maganar ta zama tari. Injiniya har sannu ya yi mini.

Ya tambaye mu ko ruwa na kwanciya a nan da damina. Maigari ya ce, "Alhamdu lillahi, lahiya lau muke." Ya tambaya ko akwai rijiya kusa. Muka haɗa baki muka ce Alhamdu lillahi. Ina so kwamiti ya sani, a wurinmu in baƙo ya tambaye ka matsalarka, godiyar Allah ake yi masa, ba don babu matsalar ba. Sai ya zauna, ya sha ruwa, ya sake tambaya sau biyu ko uku, sannan ake fara gaya masa gaskiya. Injiniyanku sau ɗaya ya tambaya, a tsaye, ya rubuta.

3. Gwajin ruwa

Nan ne abin ya fi ba ni kunya, kuma nan ne ya fi ba ni dariya. Aka tambayi inda muke shan ruwa, muka nuna burtsatsen bayan masallaci. Wannan burtsatse wani ɗan takara ya yi mana shi, ya ba da ruwa damina guda, ya bi mai shi suka ɓace tare. Da asubar ranar zuwanku mun share gindinsa, mun yayyafa ruwa ya yi danshi, har wani ya kawo agwagi biyu ya saki a wurin. Injiniya ya ce a kunna. Muka ce mai makulli ya tafi Aliero ta'aziyya. Ya ce to a ba shi wanda aka riga aka tara, zai kai a gwada. Na shiga gida na cika masa kwalba daga randata, ya manna takarda ya rubuta cewa ruwan burtsatse ne.

Rana ta yi zafi, ya nemi na sha. Na kawo masa a moɗa, ya shanye, ya nemi ƙari. Ya ce rabonsa da ruwa mai daɗin wannan tun yana yaro a garinsu, ya sa direba ya cika jarka biyu. Duk wannan a inuwar ruduna aka yi, yana jingine da shi, rijiyar na ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Da za su tafi na ɗebo masa albasa daga kanta na ba shi tsaraba. Muka raka su har titi, muka dawo muna tafawa, kowa na cewa mun yi wa gwamnati wayo. Rudun muka bar shi a tsaye, muka ɗage zana ta gefe ɗaya muna jan ruwa. Yaya Kulu ce kawai ba ta yi dariya ba.

4. Turaku

Bayan ruwan farko ya sauka aka zo aka kakkafa turaku masu jan fenti. Huɗu daga ciki aka kafa su daidai inda injiniya ya yi murna. Na tambayi mai safiyo, wato mai auna filin, na mene ne, ya ce nan ne sokawen rukunin gidajen gaba ɗaya. Na taka da ƙafata daga turken ƙarshe zuwa bakin rijiya, taku talatin da biyu, kuma gangare ne. Na sake takawa da ƙananan taku ko lissafin zai ƙaru, ya ƙaru ɗin, amma rijiyar ba ta matsa ba.

A nan dariya ta ƙare mini. Na zauna a kan itacen kiryar nan na tuna Baba a can ƙasa da ɗan guntun wando, ni ina sama ina jan bokitin laka, watanni yana haƙa har ranar da ya yi kabbara daga cikin rami. Bai bar mana gona mai yawa ba, wannan ya bari, kuma duk wanda ya sha yana sa masa albarka. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro. Jikokina bakwai ke shan ruwan nan. Fulanin da ke wucewa da shanu nan suke tsayawa.

5. Zuwana ofis

Zuwan farko aka ce Shugaba ya fita. Na biyu aka ce yana taro. Na uku wani ma'aikaci mai kirki ya ji tausayina ya buɗe mini taswira. Ga gawo, ga masallaci, ga burtsatse an zana masa alama mai kyau. Inda rijiyarmu take kuwa an rubuta ma'ajiyar albasa. Na ce masa akwai rijiya a nan. Ya ce babu. Na ce da ruwanta na yi alwala yau da safe. Sai ya jawo takardar da aka rubuta ranar zuwanku, wadda ta ce babu rijiya a kewayen, ya nuna mini dangwalen Maigari, ya nuna mini sa hannun shaida a ƙasa. Ya ce, "Baba, wane ne wannan Garba?" Na ce ban san shi sosai ba, amma na ji an ce ba shi da hankali.

Shi ne kuma ya karanta mini sakamakon gwajin ruwa. An ce ruwan burtsatsen Tungar Gawo mai tsabta ne ƙwarai, har an tsara a ja wa sababbin gidaje famfo daga gare shi. Ina taya masu sayen filaye murna. In sun samu mai makulli, su gaishe mana da shi.

Ba na ɗora wa kwamiti laifinmu, mu muka yi ƙarya, kuma na faɗe ta a gaban duniya da sunana. Amma ranka ya daɗe, ku ma da naku. An zo duba ruwa a watan da ko kwaɗo ya yi ƙaura. An yarda da burtsatsen da ba a ga ɗigo ɗaya ya fito daga bakinsa ba. Babu wanda ya tambayi mata, alhali su ke jan guga, da an tambayi Yaya Kulu da tun a ranar an gama. Babu kuma wanda ya yi mamakin wata hanya da ƙafafu suka daka ta yi fari fat, ta taso daga kowane gida ta zo ta tsaya a gindin rudun albasa. Ashe a zatonku haka muke ƙaunar albasa?

Buƙatunmu

Na farko, a tsayar da haƙan ramin nan har sai an sake dubawa.

Na biyu, a dawo yanzu da damina ta kankama, a sake zuba ruwa a tudun, a leƙa rijiyar a ga inda ruwa ya kawo. Wanda zai zo ya zo da takalmin roba, ya kuma zauna ya yi tambaya fiye da sau ɗaya.

Na uku, a nema wa sokawen wani wuri. Ni ba injiniya ba ne, amma akwai fako a kudu da filin wanda gangarensa ba ya kallon kowa, zan nuna shi kyauta.

Na huɗu, a goge sunan burtsatse daga kan takardar gwajin ruwa a rubuta sunan rijiyar mai ruwan. Wannan yabo na rijiyar Malam Isa ne, kuma shi ne karon farko da gwamnati ta yaba mata, bai kamata wani ya karɓe ba. In akwai tarar da ake ci wa mai ɓoye rijiya, ni za a ci, a ƙyale Maigari, ya tsufa.

Na rushe rudun tuni. Na yi wa rijiyar bakin siminti da murfi da hannuna, abin da ya kamata in yi tun farko maimakon dabara. Yaya Kulu ta zo ta zagaya ta sau biyu, ta jefa guganta. Rijiyar tana nan a fili, duk wanda ya fito daga Jega zai hango ta daga titi.

Abu na ƙarshe. Direban farar motar nan yakan biyo duk ranar kasuwar Maiyama da jarkoki biyu, ya ce injiniya ne ya aiko, iyalinsa ba sa son wani ruwa sai na burtsatsenmu. Da can a ɓoye muke cika masa. Makon jiya na kama hannunsa na kai shi bakin rijiyar, na ba shi guga ya ja da kansa, sannan na juya shi ya kalli jajayen turakun. Don Allah a tambayi injiniya ko bayan an gina ramin a ci gaba da cika masa.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, Ya ba shi ikon gyara, Ya sa gidajen nan su zama alheri ga masu shigarsu da mu maƙwabtansu. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya shirye mu masu dabara.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba ɗan Malam Isa Magini,
Tungar Gawo.