Wa Zai Wanke Gwaggo Hasanatu

Zongo, Lome

Zuwa ga 'yata Zahida a Kumasi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina mai gidanki Amidu da yara? Allah ya sa kuna lafiya.

Takarda na rubuto na ba direban motar Aflao ta bakin iyaka saboda a waya kin iya katse ni, ki ce majinyata na jiranki. To, takarda dai ba ta katsuwa.

Kin san mu biyar ne muke wankan gawar mata a unguwar nan tun kina goye: ni da uwarki Meimuna, da Kulsum mai koko, da Safina, da Ruƙayyat ta bayan masallaci. Korona ta zo ta tafi, ta bar ni ni kaɗai kamar tsohuwar tukunya a bayan ɗaki. Makon jiya aka yi rasuwa a unguwar Agoè, aka ɗauko ni a babur, na je na kasa juya matar. 'Yan matan gidan kuwa sun maƙale a bakin ƙofa, kowa na tsoro. Wallahi kunya ta kama ni a gaban baiwar Allah.

Yanzu ga suga, ga ƙafa ta kumbura. Ba tafiyar ce ke damuna ba, Zahida. Wa zai wanke ni? Ki zo in koya miki tun bakina na motsi. An buɗe iyaka tuntuni, ba ki da sauran hujja.

Gwaggonki, Hasanatu

*

Kumasi

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki. Amidu da yara suna gaisuwa. Maganin suga na nan a cikin kunshin, don Allah ki riƙa sha, ki daina raba wa maƙwabta.

Abin da kika gani a Zongo mu ma mun gan shi a asibiti. Masana sun ce a shekarun nan na korona, tsawon ran da ake sa wa ɗan Adam rai da shi a duniya ya ja baya da kusan shekara biyu, kuma tsofaffi da masu suga da hawan jini su ne suka fi tafiya. Shi ya sa nake tsoro a kanki.

Amma Gwaggo, ki yafe mini, ba zan iya ba. Mma ta wanke matan Zongo ba iyaka, ko tana tsakar girki aka kira ta sai ta sauke tukunya. Da tata ta zo, aka sa ta a leda, baƙi masu fararen kaya suka kai ta rami, ba ruwa ba magarya, ni kuwa ina wannan gefen iyaka ina kallon waya. Har yau zuciyata ba ta huce ba. Ko titin gidanmu ba na son gani. Ki nemi wata a cikin 'yan matan islamiyya.

'Yarki, Zahida

*

Zongo, Lome

Zahida,

Bayan gaisuwa. Shekara biyu, in ji masananku? Hala sun raba ne da kowa da kowa. Mu nan ba a raba mana ba. Uwarki ko furfurar kirki ba ta yi ba, da ta ga auren jikokinta. Kulsum kuma ba korona ce ta kashe ta ba, hawan jini ne, ta ƙi zuwa asibiti don tsoron kada a tsare ta. Ita a wane lissafi suka sa ta?

Yanzu ki saurara, ke mai taurin kai irin na ubanki. Wa ya gaya miki baƙi kaɗai ne a kan uwarki? Sau nawa na ɗauko zancen kina cewa in bari? Ranar na zauna a ƙofar ɗakin da aka ajiye ta, na ce ko su bar ni in shiga ko su haɗa da ni. Wata likita, 'yar ƙabilar Ewe ce ma, ba musulma ba, ta ji tausayina. Ta zura mini farar rigar nan tasu har ka, ga ni gajera, ina taka ƙafar wandon. Ruwa dai an hana. Liman ya ce taimama ta wadatar. Na shiga da ƙasa mai tsabta a ƙullin zane, na shafa mata a fuska da hannuwa da safar roba, na gaya mata ni ce, Hasanatu. Na ce Zahida na gaishe ki, an rufe hanya ne.

Ba ta tafi a wulaƙance ba, 'yata. Ina kewarta kullum, kuma ina kewarki. 'Yan islamiyya zan koya musu, amma hannun jinina nake so a jikina.

Gwaggonki

*

Zongo, Lome

Mai gida Amidu,

Salamu alaikum. Na sauka lafiya. Ya yara, suna cin abinci kuwa?

Gwaggo ta rame sosai, amma bakin na nan. Ka san yadda take koya mana? Ita ce gawar! Ta kwanta a tabarma, ta sa aka lulluɓe ta da zane, ni da Soumaya jikar marigayiya Kulsum muna juya ta. "Dama kafin hagu! Tallafi kan, ba kabewa ba ce! Wa ya ce ki yaye zanen?" Soumaya ta ce, "Gwaggo, gawa fa ba ta faɗa." Ta ce wannan tana yi. Muka yi dariya har na koma kuka, ta jawo ni ƙirjinta.

Na je kabarin Mma. Ka roƙa mini ƙarin hutu a wurin aiki, jikin Gwaggo ba na bari ba ne.

Matarka, Zahida

*

Zongo, Lome

Amidu,

Salamu alaikum. Gwaggo ta rasu jiya bayan la'asar, kanta a cinyata.

Ni na wanke ta, Soumaya na zuba ruwa. Ban ji tsoro ba. Na tsefe mata kai, na raba gashin uku. Ina yi ina mata magana a hankali, Gwaggo zan juya ki, Gwaggo saura kaɗan. Sai da muka gama Soumaya ta gaya mini tun daga wuya na daina cewa Gwaggo, Mma nake ta kira.

Ka taho da yara kafin addu'ar bakwai.

Zahida