Dosiyen Nazir

Zinder, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Sakina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Habu da mutanen Hamdara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan Birni alhamdulillahi.

Na koma aiki a lakwal ɗin koyon sana'a. Ina shara, ina dafa shayi. Mutane na cewa na yi ƙoƙari. Ni dai ina tashi, ina tafiya, ina dawowa.

Wannan satin ana yi wa malamai formasiyo, wato horo. Wata mata ta zo daga Yamai tana koya musu yadda ake neman aiki yanzu, don su koya wa ɗalibai. Ina raba shayi na ji tana cewa manyan kamfanoni sun daina karɓar takarda a hannu, ta salula ake turawa. Na ci gaba da zuba shayi.

Kin san Nazir ɗana takardun neman aiki ya tafi kaiwa Yamai motarsu ta kife, Allah ya yi masa rasuwa. An kawo mini jakarsa, dosiyen takardun na ciki, ko lanƙwasa bai yi ba.

Jiya Mushe Mahamud, malaminsa, ya same ni a bakin famfo. Ya ce shi ya ba Nazir shawara ya kai da hannunsa, don haka aka yi a zamaninsu. Bai ɗaga kai ba. Ya roƙi in ba su aron dosiyen su yi misali da shi, za su rufe suna da hoto. Na ce ya bari in yi tunani. Wata bakwai ban buɗe jakar ba, Yaya. Ita kaɗai ta dawo daidai yadda ta tafi.

Ƙanwarki,
Raliya

Zinder, ranar Asabar

Yaya Sakina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki na gyaɗa ya iso, Allah ya saka.

Na ba su. Amma na ce kada su rufe komai. In za su yi magana a kansa, su kira sunansa.

Ranar Alhamis na tsaya a bayan aji da buta a hannu. Suka haska hotonsa a bango, ya fi ƙofa girma. Farar rigar nan ce da na goge masa da gawayi, har inda na ɗan ƙona wuyan ana gani. Mushe Mahamud ya tashi ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya faru, ya faɗi wanda ya ba da shawarar.

Sai matar ta ɗauki hoton takardun da salularta ɗaya bayan ɗaya, ta nuna musu yadda ake haɗawa a tura. Ban yi kuka ba. Agogon bango na duba. Minti huɗu, Yaya. Tafiyar ke nan gaba ɗaya.

Sun mayar mini da dosiyen, yana cikin jaka.

Ki gaya wa Hassan ɗinki, in ya gama karatu kada ya hau mota da takarda. Ya zo wurina tukuna, in kai shi gun Mushe Mahamud.

Ki gaida kowa. Ki sa Nazir a addu'a.

Taki,
Raliya