Baba, Sai da Na Ɗaga Kai Kafin Na Sayi Gidan

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƴarka Rabi ce daga Arlit.

Baba, na sayi gida. Na san halinka, kafin ka yi murna sai ka tambayi wane iri, to bari in faro maka daga tushe.

Tun da kampanin haƙar uraniyom ya rage ma'aikata, fari kuma ya cinye dabbobin mutane, rabin unguwarmu sun ɗaure kaya sun koma kudu. Hanyar Agadas ma sai da rakiyar soja saboda ƴan tawaye. Gida ya zama kamar tumatir a tashin kasuwa, mai shi ne ke roƙonka. Ni da surukinka Haruna muka ce tunda a nan abincinmu yake, mu huta da haya.

Haruna siminti yake so, da famfo a tsakar gida, da filin da kamiyonsa na ɗaukar kaya zai tsaya. Dillali ya kai mu wani da ya haɗa duka ukun. Ba zan ɓoye maka ba, ya shiga raina. Har na gama rabon ɗakuna a zuci, wannan na jikarka Zainabu da ƙanenta, wancan na keken ɗinkina.

Sai na ɗaga kai. Manyan ƙarafa ne suka ɗauki rufin, an shafe su da shuɗin fenti. Na jawo turmi na hau, na kankare da makulli, sai ga fentin nan mai ruwan ɗorawa na ƙarfen mahaƙa. Dillali ya ce duk daɗewarsa a sana'a bai taɓa ganin mace ta zo sayen gida tana sosa rufi ba. Na ce to yau ya gani.

Ka tuna ranar da likita ya gaya maka abin da ke cin ƙirjinka? Ka dawo ko ruwa ba ka sha ba, ka hau ka yaye rufin ɗakinmu, wanda kai da hannunka ka yi da ƙarafan da aka zubar daga ramin haƙa. Wata biyu muna kwana a fili, Inna na ta faɗa. Amsarka ɗaya ce: "Ƙarfen da ya shiga rami guba ya sha, ba zai kwana a kan ƴaƴana ba." A lokacin haushinka na ji ƙwarai. Ka yafe mini.

Wanda na zaɓa ginin ƙasa ne, can bayan kasuwar dabbobi. Rufinsa azarar giginya, na bi su ɗaya bayan ɗaya na taɓa. Ruwa sai an saya gun ƴan garuwa, ƙofar katako ce, tana kuka in an buɗe. Ƙawayena sun ce Rabi ta ga tsoka ta ɗauki ƙashi. Su yi ta faɗa. Nisan ruwa ƙafa ke ji a jikinta, gubar wancan ƙarfen kuwa ƙirjin yara ne zai ji.

Haruna ya yi fushi, ya ja kamiyonsa ya tafi Assamakka. Jiya ya dawo, ya shiga ɗakin yaran, ya daɗe a tsaye yana kallon sama. Da ya fito sai ya ce ashe har yanzu tsohon nan ne ke zaɓa mana wurin kwana. Ban musa ba. Kewarka ce ta taso mini, Baba, sai da na nemi wuri na zauna.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa tarin da ka sha fama da shi ya zame maka kaffara. Ya raya jikokinka cikin lafiya.

Taka har kullum,
Rabi