Zanukan da ke kallon bango

Paris, 9 ga Maris, 1979

Yaya Zinaida,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata ina cin abinci, ɗakina ma da ɗumi, muddin ban cire kwat ba.

Ta hannun matafiyi takardar nan za ta same ki, saboda haka ba ɓoye-ɓoye. A nan ina zana abin da na ga dama. Amma shekaranjiya aka ƙwanƙwasa ƙofa, kafin in ankara na juya zanukana duka sun fuskanci bango, yadda muke yi a Leningrad. Ashe mai gyaran famfo ne. Na juyo su ɗaya-ɗaya a gabansa. Ya ce, "Malam, ina famfon?"

Kin tuna jami'in da ya kwashe mini zanuka bakwai? Ya daɗe tsaye gaban hoton Baba, sannan ya ce, "Wannan ya yi kurkuku, ko?" A idanun zanen ya gani. Shekara guda a Paris, ba wanda ya kalli aikina kamar mutumin da ya kore ni.

Zanen da ya rage bayan kabad a gida, don Allah ki riƙa juyo shi kina kallo.

Ƙaninki,
Arkadi