Ya sace aikina, yanzu asirinsa yana bakina

Salamu alaikum ƴan gida, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar kasuwar Tabotaki, don raina a ɓace yake.

Ni ƴar Buza ce, konsiltan nake, ina bin ƙungiyoyin ƙauye ina haɗa musu dosiye su samu tallafin porje, wato ƙungiyoyin ayyukan raya karkara, Asabar da Lahadi kuma ina karatun kasuwanci a Tawa. Haɗa biyun nan ba wasa ba ne, wani satin ko aji ba na leƙawa. Shi ya sa na riƙe wani ɗan ajinmu, bari in ce masa Sale, yana turo mini darasi, ni kuma ina yi mana aikin gida. Har gabu nake kawo wa matarsa tsaraba, ku ji wautata.

Wata shida na yi ina zama da matan wata ƙungiya kusa da Tabotaki masu shanya gabu da kauɗa, gida-gida na bi ina rubuta asarar da suke yi don ba su da wurin ajiya. Niyyata in yi memuwar ɗin gama karatu a kai, kuma in nemo musu mangazar ajiya da shi. Wata Lahadi ina saurin kama mota, sai na bar wa Sale kile ɗina na kwamfuta, wato filas, ya buga aikinmu ya miƙa, na manta komai nawa yana ciki.

Da na kai wa malaminmu batun memuwar, ya ce in canja, Sale ya riga ni. Na duba na Sale, wallahi har labarin tsohuwar da ruwa ya lalata wa gabu yana ciki, mutumin da bai taɓa taka ƙauyen ba. Na kira shi, ko kunya babu, wai ilimi ba na mutum ɗaya ba ne, ai ni ma da darasinsa nake cin jarrabawa. Bai tsaya nan ba, ya kai wa wani porje aikin da sunansa don neman mangazar, sun karɓa. Na tsane shi, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

To an aika wa ƙungiyar cewa ranar kasuwa zai zo da manyan porjen su ga matan. Jiya shugabarsu, Inna Hajo, ta kira ni.

"Ɗiyata, wanga mutum naki na? In ba naki na ba, ko tabarma ba mu shimhiɗa mai. Mu ce ba mu san shi ba, don ke munka sani."

Jama'a, na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina. Kalma ɗaya zan faɗa ya tozarta gaban manyansa, labari ya kai makaranta, memuwar ɗinsa ya bi ruwa. So nake in tsaya gefe in ga fuskarsa. Amma na san ƴan porje, in suka ga rikici ba sa dawowa, wani ƙauye za su kai mangazar, matan nan su sake kallon ruwa yana cin wahalarsu. In kuma na ce nawa ne, da bakina na wanke ɓarawo.

Inna ta ce ba za su share fili ba sai na kira. Me zan ce mata?