Fararen Ƙwayoyi Biyu da Aka Ba Mahaifiyata

Zuwa ga: Shugaban Sashen Magunguna, Cibiyar Lafiya ta Unguwa
Daga: Babbar 'yar mai kati lamba 4417
Kwanan wata: Litinin, 24 ga Maris

Game da: Sauya kamannin magani ba tare da sanarwa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina kawo kukana a madadin mahaifiyata, dattijuwa mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ta shekara tara tana karɓar maganin siga da na hawan jini a tagarku duk bayan mako huɗu.

1. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa kuskuren magani ba. Da ido take gane abinta: doguwar farar ƙwaya ta siga da safe, ƙaramar ruwan ɗorawa ta hawan jini da yamma. Ita kaɗai take zaune, ita ke dafa abincinta, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata gwangwanin magani, har ni da na isa aurar da 'ya.

2. Ranar Alhamis, 6 ga Maris, na rufe shagon ɗinkina na je karɓo mata. Kamar yadda aka saba, ma'aikacin taga ya zuba ƙwayoyin a 'yan ledoji biyu, ya ja layi ɗaya da alƙalamin maka a ta safe, biyu a ta yamma, ya turo ta ƙasan gilashi, ya kira na bayana. Ashe an canza kamfanin da ke kawo muku magani, duka biyun sun koma farare, kusan girma ɗaya. Bai ce mini uffan ba. Ni ma ban duba ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Ita ta lura, amma ba ta so ta dame ni, sai ta riƙa bin layin makar. Kafin kwana uku layin ya goge, ta koma canki.

3. Ranar Talata, 11 ga Maris, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, maƙwabciyarta mai kitso ta ji ƙaurin tukunya, ta leƙa, ta tarar da ita zube a kicin, gumi sharkaf, tana kallonta ba ta gane ta ba. Likita ya tabbatar ta ninka na siga, sukarin jininta ya yi ƙasa sosai. Kwananta biyu a gadon asibiti. Da tukunyar ba ta ƙone ba, ban san wace takarda zan rubuto muku yau ba.

4. Ranar Juma'a, 14 ga Maris, na komo da ledojin. Ma'aikacin ya ce sinadarin bai canza ba, kuma sunayen magungunan suna cikin kati. Ranka ya daɗe, katin yana durowarku, mahaifiyata kuwa ba da sinadari take hulɗa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na dai haɗiye saboda layin da ke bayana.

5. Tun da aka sallame ta, ta ƙi kai kowace ƙwaya bakinta, jiya awon hawan jininta ya kai ɗari da casa'in. Ƙannena kuma sun ce ruɗewar tsufa ce ta kama ta, sun yanke a kwashe ta zuwa gidan autanmu ranar 31 ga wata, a saki ɗakinta. Abin da ya fi ci mini rai, ita ma ta fara yarda. Sau biyu tana sa ni in tsaya ta lissafo mini ranakun mako, don ta gwada kanta.

Saboda haka ina roƙo da ladabi a riƙa ba ta magungunan a robobi biyu masu launi dabam, a kuma rubuta a katinta cewa duk ranar da ƙwaya ta sauya kama, a nuna wa mai karɓa hannu da hannu.

Babban roƙona shi ne, kafin 31 ga wata, a ba mu minti biyar in kawo ta gabanka tare da ƙannena, ka gaya mata ƙwayoyin ne suka canza, hankalinta yana nan kalau. Na faɗa mata har na gaji, ta ce tausayinta nake ji. Daga bakinku kaɗai za ta yarda.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba kukana a kan lokaci.

Taku cikin ladabi,
(sa hannu)
Mai ɗinki, babbar 'yar mai kati lamba 4417